Mudu Biyu a Kasuwar Siyasa: Nasiha Kan Mutuncin Mata

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda Ya halicci ɗan Adam daga namiji da mace, Ya sanya taƙawa ita kaɗai ce ma'aunin ɗaukaka a wurinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya tsaya a filin Arfa a hajjinsa na bankwana, bai rufe huɗubarsa ba sai da ya ɗora wa al'ummarsa amanar mata. Da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana Musulmi maza da mata, ina yi wa kaina da ku wasiyya da tsoron Allah a ɓoye da bayyane, a masallaci da kasuwa, a ofishin jam'iyya da kan waya.

Abin da ya tayar da wannan nasiha a gaban idona ya faru. A azumin 2025, wani dare bayan an idar da asham, na tsaya a teburin mai shayin unguwarmu. Na tarar da wasu samari biyu da na san iyayensu, waɗanda yanzun nan muka haɗa kafaɗa a sahu ɗaya, sun kaure da gardama har shayinsu ya huce. A wancan makon ne Majalisar Dattawa ta dakatar da Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya na tsawon wata shida, bayan taƙaddama a kan kujerar zama da kuma zargin da ta yi wa shugaban majalisar, Godswill Akpabio, wanda shi kuma ya musanta. Ɗaya daga cikin samarin, ɗan PDP, yana buga tebur yana cewa, "Ka ga halinku ko? Mata huɗu kacal a majalisar, ɗayar ma kun kore ta!" Ɗan APC ya ce, "Kai rabu da ita," ya biyo da wata kalma da alƙalamina ba zai iya ɗauka ba.

Sai na tuna wani dare a wannan teburi, shi ma cikin azumi, a watan Afrilun 2023, lokacin da aka yi dambarwar zaɓen gwamnan Adamawa tsakanin Sanata Aishatu Ɗahiru Binani ta APC da Gwamna Ahmadu Fintiri na PDP. A wancan dare, mai buga teburin yau shi ne yake nuna wa mutane hotuna a wayarsa yana cewa mace ba ta shugabanci, yana faɗin abin da bai gani ba a kan matar aure. Mai zagin yau kuwa shi ne yake kiran a ba mata dama. Na ce musu, "'Ya'yana, azumi biyu da suka wuce ba haka na ji ku ba. Me ya sauya?" Suka sunkuyar da kai, ɗayansu ya ce, "Allah gafarta malam, ai siyasa ce."

Wannan kalma ta kwana tana yi mini yawo a zuciya. Ai siyasa ce. Da ita ake wanke ƙarya, da ita ake halatta cin naman ɗan'uwa, da ita ake yaga mayafin 'yar mutane a bainar jama'a sannan a je a kabbara salla. Ya bayin Allah, a wane littafi aka ce mala'iku masu rubutu suna ajiye alƙalami idan an buga gangar zaɓe?

Kowa a cikinmu ya san mai awon da ke da mudu biyu. Ɗaya cikakke ne, da shi yake saye a hannun manomi, yana tara masa tozo. Ɗayan an bubbuge gindinsa ya shige ciki, da shi yake sayar wa mai iyali. Allah Ya saukar da sura guda, Suratul Muɗaffifina, Ya buɗe ta da narkon azaba a kan irin wannan mutum, kuma mutanen Madyana da suka ƙi jin kiran Annabi Shu'aibu a kan tauye awo an hallaka su. To, awo bai tsaya a kan gero da masara ba. Wanda yake auna laifin jam'iyyar adawa da babban mudu, ya auna na tasa da bubbugagge, shi ma mai tauye awo ne. Wanda mutuncin mace yake da tsada a wurinsa idan tana ɗauke da tutarsa, ya yi arha idan ta ɗauki ta wani, ba mutuncin mace yake karewa ba. Sanda ya samu ta dukan abokin gaba, kuma ranar da dukan ya ƙare zai jefar da ita.

A Suratul Ma'ida, aya ta 8, Allah Ya hana mu barin ƙiyayyar wasu mutane ta ja mu ga barin adalci. A Suratun Nisa'i, aya ta 135, Ya umarce mu da tsayawa a kan gaskiya da ba da shaida saboda Shi, ko da a kan kanmu ne ko iyayenmu ko danginmu. Idan an wajabta maka faɗin gaskiya a kan mahaifin da ya haife ka, ina ga jam'iyyar da shekaranjiya ka shiga, kuma ubangidanka yana iya fita daga cikinta gobe ya ja ka?

Mu ɗora maganar a kan faifai, mu ga abin da kowa ke tinƙaho da shi. Ɗan PDP zai ce a mulkinsu ne mace ta fara zama kakakin Majalisar Wakilai, wato Patricia Etteh a 2007, kuma a gwamnatin Goodluck Jonathan mata sun kai kusan kashi ɗaya bisa uku na ministoci, da Ngozi Okonjo-Iweala a ma'aikatar kuɗi. Gaskiya ya faɗa. Ɗan APC zai ce su ne suka tsayar da Aisha Jummai Alhassan, Mama Taraba, takarar gwamna a 2015, suka tsayar da Binani a 2023, kuma a tutarsu Dakta Hadiza Balarabe ta zama mataimakiyar gwamnan Kaduna a 2019. Shi ma gaskiya ya faɗa.

Sai dai kowannensu rabin mudu ya auno. Ɗan PDP ba zai gaya maka cewa a zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa da jam'iyyarsa ta yi a Janairun 2011, Sarah Jibril ƙuri'a ɗaya tak ta samu a cikin dubban wakilai ba, alhali a cikinsu akwai mata. Ɗan APC ba zai gaya maka cewa Mama Taraba ɗin da yake alfahari da ita, a 2018 jam'iyyarsa ta ƙi tantance ta, har ta ajiye muƙamin minista ta koma wata jam'iyya ba. Babu wanda zai tsaya ya ce: PDP ta riƙe ƙasar nan daga 1999 zuwa 2015, APC ta karɓa daga 2015, amma a jihohi 36 har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna ba. Virginia Etiaba da ta hau kujerar Anambara a ƙarshen 2006 tsige gwamna ne ya kai ta, kuma wata uku ta yi ta sauka. A rajistar zaɓen 2023 mai mutum fiye da miliyan 93, mata sun haura kashi 47 cikin 100. Sakamakon da aka ba su shi ne kujeru 4 cikin 109 a Majalisar Dattawa, a Majalisar Wakilai mai kujeru 360 kuwa ba su kai 20 ba.

A ranar 1 ga Maris, 2022, Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran kundin tsarin mulki, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar. Ɗaya daga cikin ƙudurorin yana neman a ware wa mata kaso a shugabancin jam'iyyu ne. Majalisar nan ba ta jam'iyya ɗaya ba ce, kowa yana da 'ya'yansa a ciki. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani. Duk wanda ya miƙe yana nuna tudun maƙwabcinsa a wannan lamari, ya dubi ƙarƙashin ƙafarsa.

Kada wani ya ɗauka na zo yin fatawa a kan kaso kaza ko kujeru kaza. Wannan abu ne na shawara da maslaha, kuma ƙasashen Musulmi sun bi hanyoyi daban-daban. Maƙwabciyarmu Nijar ta kafa dokar kaso tun 2000, ta fara da kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, ta kai shi 25 a 2019. Senegal ta yi dokar raba daidai a 2010. Abin da nake magana a kai alkawari ne. Tun 2006 gwamnatin Nijeriya ta rubuta da hannunta cewa za ta ba mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai, har wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarce ta da cikawa a Afrilun 2022. 'Yan takara sukan hau mumbari su maimaita wannan adadi a gaban taron mata, a yi guɗa, a watse. In ba ka yarda da abu ba, faɗi ba ka yarda ba, a san inda ka tsaya. Amma ka ɗauki alkawari da bakinka kana sane ba za ka cika ba, wannan yana cikin alamomi uku da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya siffanta munafuki da su: ƙarya a zance, saɓa alkawari, da cin amana. Alkawari kaya ne, wanda bai sauke shi a duniya ba zai tashi da shi a ka.

Ku zo mu dubi yadda abin yake a ƙasa, inda kowa ya shaida. Lokacin yaƙin neman zaɓe ana raba wa mata atamfa mai hoton ɗan takara, a cika su a motoci tun hantsi, su wuni a filin taro rana tana dukansu, wata da goyo, wata da tsohon ciki. Da magariba a miƙa wa kowace taliya da sabulu da 'yan kuɗin mota. Ranar zaɓe su ne farkon layi. Na ga tsohuwa ta zo rumfar zaɓe da tabarmarta tun bayan asuba, katinta ƙulle a bakin zane, ba ta tashi ba sai da ta dangwala. Amma ranar da za a zauna a fitar da wanda zai tsaya, sai a sa taron ƙarfe biyun dare a wani masauki, inda matar da ta san ciwon kanta ba za ta je ba. In ta ƙi zuwa a ce ba da gaske take ba. In ta je, waɗanda suka kira taron su ne za su fara yaɗa cewa an gan ta a otal da tsakar dare. A yafe mata kuɗin fom a gaban 'yan jarida, a bayan fage a ce ta janye wa ɗan takarar maslaha tunda ba ta kashe komai ba. In aure ya kai ta wata jiha, a garin miji a ce ta koma gidan ubanta, a garin uba a ce ai ta zama ta wasu. Wannan hali ba shi da tuta. Duk jam'iyyar da ka leƙa za ka tarar da shi zaune.

Wani lokaci abin yakan wuce baki ya kai ga jini. A watan Nuwamban 2019, kwana biyu bayan zaɓen gwamnan Kogi, an cinna wa gidan Salome Abuh wuta a Ochadamu, wata shugabar mata ta PDP, ta ƙone a ciki. Uwa ce, kuma matar wani ce. Ran nan da ya kamata kowane mai imani ya girgiza, wasu sun tsaya tambayar jam'iyyarta kafin su san ko za su yi baƙin ciki. Zuciyar da sai ta duba tuta kafin ta ji tausayi, mai ita ya nemi magani tun kafin a rufe ƙofar tuba.

Wannan ciwo ya daɗe a jikinmu. Iyayenmu sun ba mu labarin Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta shiga jam'iyyar NEPU tana yarinya, a zamanin da macen Arewa ba ta da ikon jefa ƙuri'a. An yi mata duka, an ɗaure ta, ana ƙirga ɗaurin nata har sau 16, kuma babu sunan banza da ba a kira ta da shi ba ita da matan da ke bin ta. Matan Arewa ba su sami ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan babban zaɓen 1979. Ta rasu a 2001, yau ga babban asibiti a Ƙofar Gayan ɗauke da sunanta, kuma kowace jam'iyya tana yabonta. Ina waɗanda suka zage ta? Sun tafi, jam'iyyun da suka yi zagin dominsu sun rushe, amma kalmomin suna nan a rubuce suna jiran masu su. Yaron da ke zagin wata a Facebook yau saboda ubangidansa, ya yi wa kansa wannan lissafi.

Ya ku masu imani, Allah bai bar mu babu misali ba. Mafi girman ƙazafin da aka yi a tarihin wannan al'umma a kan mace aka yi shi, kuma da manufar siyasa. Shugaban munafukan Madina, Abdullahi ɗan Ubayyu, wanda zuwan Musulunci ya raba shi da sarautar da yake hange, ya rasa ta inda zai soki Annabi, sai ya bi ta kan iyalinsa, Uwar Muminai Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Magana ta yi ta yawo a Madina kimanin wata guda. Ku lura da abin da ya faru ranar da Annabi ya hau mumbari ya kai kukan wanda ya cutar da shi a kan iyalinsa. Wani daga ƙabilar Ausu ya miƙe, wani daga Khazraju ya mayar masa, kowa yana kare nasa, har suka kusa kaurewa da faɗa a cikin masallaci, sai da Annabi ya yi ta kwantar da su. Ana maganar mutuncin baiwar Allah da aka zalunta, ɓangaranci ya mayar da ita gardamar mu da ku. Abin da na gani a teburin mai shayi ke nan.

A cikin wannan ƙissa akwai 'yan'uwa biyu mata da ya kamata kowane ɗan siyasa ya san sunansu. Nana Zainabu 'yar Jahshi kishiyar Nana A'isha ce, kuma ita ce take gogayya da ita a wurin Annabi. Da wani zai ci ribar faɗuwar A'isha a lissafin duniya, to ita ce. Amma da aka tambaye ta, sai ta kiyaye jinta da ganinta, ta shaida cewa alheri kaɗai ta sani. 'Yar'uwarta Hamnatu kuwa, don son ta ɗaga Zainabu, ta shiga cikin masu yaɗa maganar, ta faɗa cikin abin da ya jawo mata haddi. Ɗaya tana da abin samu ta bar shi don Allah. Ɗaya tana yaƙin da ba a aike ta ba ta jawo wa kanta. Sojojin baka na gidajen rediyo, da masu riƙe wa 'yan siyasa shafuka a intanet, ku tambayi kanku wace ce kuke koyi da ita a cikin biyun nan.

Allah Ya wanke Nana A'isha da ayoyi a Suratun Nur da za a yi ta karantawa har tashin ƙiyama. A surar ne Ya ɗora wa mai jifan kamammiyar mace sharaɗin shaidu huɗu, in ya kasa a yi masa bulala 80, a daina karɓar shaidarsa. A cikinta ne Ya zargi waɗanda suke karɓar magana daga harshe zuwa harshe ba da sani ba, suna ganin abin wasa ne alhali mai girma ne a wurinSa. Manzon Allah ya lissafa wannan laifi cikin manyan zunubai bakwai masu hallakarwa, a jere da shirka da kisan kai. A yau ba sai ka buɗe baki ba. Yatsa ɗaya ya isa ka tura ƙazafi ga mutum ɗari kafin ka ajiye kofin shayi. Magana zarar bunu ce, wadda ta shiga waya kuwa ko ka goge taka, tana nan a hannun wasu tana tara maka.

Wani zai ce, "Malam, to ba za a soki mace 'yar siyasa ba ke nan?" Za a soke ta. Wadda ta karɓi amanar jama'a za a tambaye ta kamar yadda ake tambayar namiji. Ina kuɗin mazaɓa? Ina asibitin da aka yi alkawari? Me ta faɗa a zauren majalisa? In ta ci dukiyar al'umma, zamanta mace ba zai wanke ta ba, kuma wanda ya kare ta don jam'iyyarsu ɗaya shi ma ya tauye mudu. Amma tsakanin sukar aiki da cin mutunci akwai kogi. Namiji in ya yi takara ana tambayar me ya yi. Mace in ta fito sai a koma kan aurenta nawa, wa ya tsaya mata, me ta bayar aka ba ta. Wannan ba bincike ba ne, ƙazafi ne da aka naɗa wa rawani.

Ina kuma kira ga 'yan'uwana malamai da ɗalibai, da murya ta girmamawa. Mas'alar shugabancin mace tsohuwa ce a littattafan fiƙihu. Jumhurun malamai sun hana mata shugabancin ƙoli, sun kuma yi saɓani a kan abin da bai kai shi ba. A alƙalanci ma, Imamu Abu Hanifa ya halatta mata a abin da ba haddi da ƙisasi ba, Imamu Ɗabari ya halatta gaba ɗaya, Malikawa da mafi yawa suka hana. Wanda ya riƙi fahimta a kan hujja, ya riƙe ta a kowane zaɓe, a kan kowace jam'iyya. Abin tsoro shi ne a ciro hadisi ranar da jam'iyyar adawa ta tsayar da mace, a mayar da shi aljihu ranar da tamu ta tsayar. Maganar Manzon Allah ba rigar aro ba ce da ake sawa ranar taro a cire da dare. Kuma duk saɓanin nan, babu malami ɗaya da ya halatta zagin mace, ko yi mata ƙarya, ko tura mata 'yan daba.

Mu tuna gidan da muka fito. Mata sun yi wa Annabi mubaya'a da kansu, Alƙur'ani ya ambaci haka a Suratul Mumtahana. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, lokacin da baƙin cikin sharuɗɗan sulhu ya hana sahabbai tashi su yanka hadayarsu, shawarar Ummu Salama ce ta warware lamarin: ta ce ya fita ya yanka tasa ya yi aski ba tare da ya yi wa kowa magana ba, da suka gani kuwa suka bi. A ƙasarmu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa ƙungiyar 'yan taru, tana naɗa wa jagororinsu, wato jajoji, malfa tana tura su ƙauyuka su karantar da mata. Al'ummar da ta gaji wannan ba ta da uzurin mayar da mata 'yan guɗa da cika fili.

Saboda haka, ya shugabannin jam'iyyu, ku ji tsoron Allah a kan matan da ke wahala dominku. Ku mayar da tarukanku lokacin da mai mutunci za ta iya halarta. Kada ku yi alkawarin da ba ku da niyyar cikawa. Wanda ya ci zarafin mace a cikinku ku hukunta shi ko da shi ne mai ɗaukar nauyin jam'iyya, domin abin da ya hallaka al'ummomin farko shi ne ƙyale babba in ya yi laifi da kama ƙarami.

Ya ku samari, kuɗin katin waya da ake ba ku ba zai sayi hasana ɗaya ba ranar da za a ɗebi ladanku a ba wadda kuka zalunta, in ya ƙare a ɗebo zunubinta a ɗora muku. Ubangidan da kuke zagi dominsa, gobe zai zauna da abokin hamayyarsa su ci abinci a faranti ɗaya, su haɗa 'ya'yansu aure. Ku za a bari da littafin.

Ya ku iyayenmu mata da 'yan'uwanmu, ƙuri'arku shaida ce, kuma za a tambaye ku a kanta. Kada ku sayar da shekara huɗu a kan ƙullin taliya. Kada ku yarda a ari bakinku a ci wa 'yar'uwarku mutunci. Wadda Allah Ya ba ta muƙami a cikinku ta riƙe shi da kamun kai da amana, ta tuna tsohuwar nan mai tabarma.

Ga ma'auni mai sauƙi da kowa zai iya gwada kansa da shi. Duk lokacin da labari ya zo maka cewa an yi wa wata 'yar siyasa kaza, kafin ka ce uffan, ka sauya tutocin a zuciyarka: ka ɗauka ita 'yar jam'iyyarka ce, wanda ake zargi kuma ɗan adawa. In hukuncinka ya sauya, to mudunka biyu ne, ka fasa ɗaya. Sannan ka sa mahaifiyarka ko 'yarka a matsayinta, ka ga ko harshenka zai iya furta abin da ka yi niyya.

Ranar ƙiyama ma'auni ɗaya za a kafa, babu tsintsiya a jikinsa, babu lema. Wanda ya san ya taɓa tura ƙarya a kan wata baiwar Allah, kada ya kwanta yau sai ya buɗe wayarsa ya goge, ya bayyana a inda ya yaɗa cewa ba shi da hujja, ya nemi yafiyarta in da hali, ya yi ta roƙa mata gafara. Yin haka a yau yana da ɗaci, amma ya fi sauƙi a kan tsayuwar gobe.

Ya Allah, Ka tsarkake harsunanmu daga ƙarya, da zukatanmu daga son zuciya. Ka tsare mutuncin iyayenmu mata da matanmu da 'ya'yanmu. Ka ba mu shugabanni masu cika alkawari, Ka sa mu faɗi gaskiya a kan wanda muke so da wanda muke ƙi. Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, Ka sa mu cika da imani. Amin.